Ɓeran Sifen da haƙoran Kaka

(Bayan isha'i an kawo wuta, yara sun dafe talabijin suna kallon katun. Kaka na kan tabarma tana gurza goro a magogi, Maigida na gefe yana lissafin kasuwa.)

Kaka: Kai mijin banza, kukan me kake yi haka kamar an fasa sallah?

Jika: Kaka ɓeran aka kama fa, mugayen sun kulle shi a keji, yanzu yaran nan za su bi ta bututun ruwa su ceto shi.

Kaka: Su ceto wa? Ɓera?? Ni da jiya-jiyan nan na ba da ɗari biyar ɗina aka sayo min shinkafar ɓera, ashe a wata ƙasar har rundunar ceto gare shi.

Jika: Ai wannan ba irin namu ba ne, sunansa Perez, ɗan Sifen ne. In yaro ya yi famfara sai ya sa haƙorin ƙarƙashin filo, cikin dare ya zo ya ɗauka ya ajiye masa kuɗi.

Maigida: (ya ajiye biro) Tsaya tsaya. Kuɗi ka ce? Nawa yake sayen guda?

Jika: Baba ba ciniki ba ne fa, kyauta ce. Malamarmu ta ce tun 1894 wani fadan coci Luis Coloma ya rubuta labarinsa saboda sarkinsu Alfonso na 13, lokacin yana ɗan shekara 8 haƙorinsa ya fita, kuma wai cikin kwalin biskit yake zaune a wani shagon alawa a Madrid, yanzu ma har gidan tarihi aka yi masa a wurin.

Maigida: Ikon Allah, ɓera da adireshi. Namu na shago kam sai dai ya ci buhu ya ci rasit ya bar maka kashi a matsayin canji.

Kaka: Mu a zamaninmu rufin ɗaki ake jefa haƙori, a ce ka rufe baki kar kadangare ya ga wawulonka. Ko sisi ba wanda ya ba mu. Kai wannan, haƙoran babba nawa ne?

Maigida: 32, Inna.

Kaka: To ni saura biyu. Lissafa min talatin, da yuro, har da kuɗin jira.

Jika: Kaka na yara kaɗai yake karɓa!

Kaka: Na yaran ma 20 na zubar, haɗa duka hamsin kenan.

Uwargida: (daga kicin) Ku daina wahalar da Inna, iyaye ne fa ke saka kuɗin in yaro ya yi barci.

Maigida: Wa ya tambaye ki? Kai Ɗanlami, wannan haƙorin naka da ke girgiɗi, kar ka kuskura ya fita sai an yi albashi.

(Washegari da asuba.)

Kaka: Wayyo ni! Jama'a ku fito!

Maigida: Lafiya Inna?

Kaka: Haƙoran robata na sa ƙarƙashin filo, na ɗora masa ɗan kilishi don ya ji daɗin zuwa. Ya zo kam. Ya cinye kilishin, ya gwigwiyi bakin zanina inda na ƙulle dubu ɗaya, haƙoran ko shinshinawa bai yi ba.

Jika: Ai Kaka wannan na gida ne.

Kaka: Miƙo min shinkafar nan. In yaran Sifen sun isa su zo su ceto shi.