Kotun cinikin duniya ta tsaya cak, ƙananan ƙasashe ne a ciki

Tun ranar 11 ga Disamba 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ba ta karɓi sabuwar shari'a ta yanke ba. Kujerun alƙalanta bakwai ne, kuma sai da uku ake zama. Naɗin alƙali yana buƙatar yardar dukkan ƙasashen ƙungiyar, Amurka kuwa ta hana, har wa'adin waɗanda ke kai ya ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda ɓarnar take. Ƙasar da aka cuta takan nemi sulhu na kwana 60. In ya ci tura, a kafa kwamiti ya yanke hukunci. Amma hukuncin ba ya hawa kan kowa muddin an ɗaukaka ƙara. Don haka yau duk wanda ya sha kaye sai ya kai ƙararsa kotun da babu alƙali, magana ta mutu. Haka Amurka ta yi bayan an same ta da laifi a Disamba 2022 kan harajin kashi 25 cikin ɗari da ta sa wa ƙarafa a 2018. Haka Indonesiya ta yi da aka ce hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel da ta yi ya saɓa wa ƙa'ida.

Ƙorafin Amurka ba duka ne banza ba. Kotun ta sha wuce wa'adin kwana 90 da aka ɗibar mata, kuma ana zarginta da faɗaɗa doka fiye da abin da ƙasashe suka sa wa hannu. Wannan abin gyara ne, bai kai a rufe ta ba. Babbar ƙasa in an taɓa ta, tana da kasuwar da za ta rama da ita. Chadi ko Benin da me za su rama?

Ko lokacin da kotun ke aiki, ƙarfi yana tasiri. Brazil ta ka da Amurka kan tallafin da Amurka ke ba manomanta na auduga, a 2014 aka biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Benin da Chadi, da suka shiga shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, ba a biya su diyya ba. Duk da haka hukuncin ya tabbatar wa duniya cewa tallafin yana karya farashin da manomansu ke samu.

A ganina bai kamata ƙasashen Afirka su zauna jiran Washington ba. Tun 2020 akwai tsarin sasanci na wucin gadi ƙarƙashin sashe na 25 na dokar warware rikici ta WTO, inda Tarayyar Turai da Sin da Brazil da Kanada suka yarda ba za su ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta zama ba, sai dai su kai ta gaban masu sasanci. Shiga cikinsa sanarwa ce a rubuce, kuma cibiyar ba da shawarar shari'a da ke Geneva tana taimaka wa ƙasashe matalauta da lauyoyi a farashi mai sauƙi.