Yau kuma ya zama "yaronmu"?

Ikon Allah! Ɗan ƙanwata mai iyon rigingine, yaron da ake cewa "wannan ai kwanciya yake yi a ruwa, ba iyo ba", shi ne tun jiya hotonsa ke yawo a shafin wani bawan Allah, da lambar azurfa a wuya, an rubuta wai "wahalarmu ta fara biya". Wahalar wa?

Lokacin da ɗan ƙanwata ke fita daga Tudun Wada bayan sallar asuba, cikin hunturu, leɓe duk a fashe, yana rawar ɗari tun bai taɓa ruwan ba, wasu suna ƙudundune cikin bargo. Su ne kuma suka taka har gida suna zuga uwarsa ta hana shi, wai ninƙaya ta 'yan Delta da Bayelsa ce, ɗan Kaduna ya je ya nemi ƙwallo. Sai ka ce ba a garin nan aka yi gasar wasanni ta ƙasa a 2009 ba.

To, mai shafi, tunda yanzu kai ne ubangidansa, ƙananan tutocin nan da ake ratayawa a saman ruwa, na mene ne? Na san za ka ce ado ne. Mita 5 ne tsakaninsu da bangon ƙarshen wurin iyon. Mai iyon rigingine sama yake kallo, bai ganin inda ya dosa, da ya wuce tutocin sai ya fara ƙirga hannu nawa ya rage masa ya juya. Kafin ƙirgen nan ya zauna masa, yaron ya sha gwara kai da bango. Ni na riƙa kai shi kemis da ƙulu a ka, ban taɓa cin karo da kowa a can ba.

Ranar tseren mita 100 ma ai muna jin ka. Kai ne kake tambayar na kusa da kai me ya hana shi hawa dakali ya yi tsalle. Malam, a cikin ruwa ake tashi, a riƙe da maƙali, ƙafa a jikin bango. Da ya nutsa kuma kana ta ihun "kar ka fito, ci gaba!" Da ya biye maka ya wuce mita 15 kansa bai ɓullo ba, da alƙalai sun soke shi, da yanzu ba ka da hoton ɗorawa.

Kocin da ya koya masa duk wannan, mai biya masa kuɗin Keke daga aljihunsa, ko hoto ɗaya bai shiga ba. Yana gefe riƙe da agogo.

Ni dai ban kama sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin "as".

Yanzu an fara shirya shi don mita 200. Tunda yaronku ne, igiyar tabaransa na ruwa ta tsinke tun watan jiya, da kyauron taya muka ɗaure masa. Gidan bai tashi daga inda ka san shi ba.