Mun iya awon dantse, saura yaron da ba ya waiwayowa

Jama'ar Damagaram, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga Birni har Zango da Sabon Gari, da wuya a rasa gidan da ke da yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, a kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne, don ledar biskit na motsawa zai juyo. Da farko mu ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. In abin ya ja sai a koma iska ce, ko sammu, ko baki. Sau da yawa kuwa larurar otizim ce, wadda wasu ke kira galahanga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi ganinta ga maza.

Akwai irin wannan yaro a layinmu. Zai wuni yana jera marafan kwalba a gindin bango, ka taɓa guda ɗaya ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Ana tada injin niƙa zai toshe kunnuwa ya duƙunƙune. In ƙishirwa ta kama shi ba ya cewa ruwa, ba ya nuna randa da yatsa, sai ya kamo hannun uwarsa ya ɗora kan murfin, ko fuskarta bai duba ba. Baiwar Allah ta sayar da akuyarta, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar dangin miji, wai ita ta jawo, ta riƙa fita da magariba da tsohon ciki.

Wallahi wannan zalunci ne. Ko a Amurka, bayan likita Leo Kanner ya bayyana larurar a 1943 daga yara 11 da ya duba, an shafe shekaru ana ɗora wa uwaye laifi, wai ba su nuna wa ƴaƴansu ƙauna, daga baya bincike ya rushe zancen. Wani nazari na 2019 kan mutum fiye da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke kawo ta gado ne. Gado kuwa ta wajen uba yake zuwa kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa. Masu cewa allurar rigakafi ce su ma su ji: rahoton 1998 da ya haifi wannan jita-jita an janye shi a 2010, kuma a Denmak an bibiyi yara sama da 650,000 ba a ga wata alaƙa ba.

Ban hana kowa addu'a ba, mu duka da ita muka dogara. Amma babu ƙwaya ko allura ko saiwar da ke cire otizim. Abin da ke taimako shi ne a gane da wuri, a koya wa yaro hanyar faɗin buƙatarsa, da baki ko da nuni ko da hoto.

Za a ce ina muka ga ƙwararrun? To ku tuna Mirya. A can ne ƙungiyoyin agajin lafiya na BEFEN da ALIMA suka koya wa uwaye, mafi yawansu ba su yi lakkol ba, auna dantsen yaro da zaren nan mai ja da rawaya da kore don gano tamowa, kuma suka iya. Matan da suka iya wannan za su iya lura da abu uku: yaro na waiwayowa in an kira sunansa kafin ya cika shekara? Yana nuna abu da yatsa don ke ma ki gani, wajen wata 18? Yana haɗa ido in ana yi masa wasa? Ranar awo a ƙaramar likita (CSI) ana ɗora shi kan sikeli, a rubuta kilo a karne, a sallame ku. Tambayoyin nan ba za su ci minti biyu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin horar da iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin tasowa: zama 9 a rukuni da ziyara 3 har gida, kuma ba sai babban likita ne zai koyar ba. An gwada shi a Habasha. Darasin a cikin wanka da cin abinci da wasa ake yin sa. Ki riƙe kofin ruwan kusa da fuskarki, ki ɗan jira, in ya dube ki ko ya yi wani sauti ki ce "ruwa" ki miƙa masa. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Iya, in ɗanki na da waɗannan alamu, ki fara kai shi likita a duba jinsa, don kurumta ma tana hana magana. In yana suma ko shiɗewa ki faɗa, farfaɗiya kan zo tare da otizim, ita kuwa tana da magani. Malamanmu na allo da na lakkol, don Allah ku ajiye bulala kan yaron da ke toshe kunne in ana karatu da ƙarfi, ku zaunar da shi gefe inda hayaniya ta yi sauƙi. Maigida kuma, ranar zuwa likita ka raka ta, a yi bayanin a gabanka, don kai ne za ka iya tsayar da maganar danginka.