Mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as"

Kuɗin auduga ya fara shiga hannun manoma, albasa ta fara sauka kasuwa, su ma annabawan ƙarya ga su nan sun fito. Daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, bangon da ka duba sai ka ga hoton wani "babban annabi" cikin farar kwat, an rubuta kwana uku na warkarwa da buɗin arziki. Cikin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, yara suna kwance da zazzaɓin cizon sauro, ba ka ganin ƙeyar ko ɗayansu. Sai da kaka ruhun nasu ke motsawa.

'Yan'uwa cikin Almasihu, yau ba da su nake ba, da mu nake. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da zai tsaya a kasuwa ya sa a kwance masa buhun masara, ya cusa hannu har ƙasa don ya ga ko an haɗa da ƙura, shi ne zai miƙa sefa 50,000 ranar Lahadi bai ce uffan ba. Matar da ba ta yarda a tsallake ta a adashe, wadda ta san ranar kwasar kowa, ita ce za ta shekara biyar tana ba da zakka ba ta taɓa jin an karanta lissafi ba. In ka tambaye ta dalili ta ce, "Ai da kunya, Baba ne." Wannan kunyar ita ce abincin macuci. Wayonsa bai taka kara ya karya ba, shirunmu ne ke yi masa aiki.

Bari mu fara da kuɗi, don nan ne biri ke fara kama da mutum. Ikilisiyar da ke tafiya daidai, baikonta yana da hanya sananniya. Mutum biyu ko uku ne ke ƙirgawa, kuma ba matar fasto ba, ba ƙaninsa ba, ba wanda ke ci a gidansa ba. Ana ƙirgawa nan take bayan sujada, a cikin majami'a, kafin kwando ya fita ƙofa. Ana rubuta adadin a littafi, dukansu su sa hannu, a miƙa wa ma'aji. In akwai asusu a banki, ba a cire ko dala sai da sa hannun mutum biyu. Bayan wata uku, ko aƙalla ƙarshen shekara, magatakarda ya tashi gaban jama'a ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Takardar fili kuma da sunan ikilisiya take. Wurare da yawa an tara kuɗin siminti da kwano shekara da shekaru, ranar da rigima ta tashi sai a tarar takardar da sunan mutum ɗaya, jama'a su koma yin sujada a gindin darbejiya.

Ga gwaji mai sauƙi. In aka ce a tura baiko ta Orange Money ko MTN MoMo, dubi sunan da ya fito a wayarka. Sunan wa ne? In na fasto ne shi kaɗai, wa ke ganin abin da ya shiga? Manzo Bulus, da duk girmansa, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Karanta 2 Korantiyawa 8 daga aya 18: ikilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, domin kada wani ya sami abin zargi. To wane ne wannan da ya fi Bulus, har ƙirga kwandonsa ya zama saɓo?

Sai kuma gwanjon albarka. Kun san yadda yake tafiya. An yi awa biyu ana waƙa, jiki ya mutu, ganga tana ta bugawa, sannan a ce masu "shuka iri," wato ba da kuɗi don neman albarka, na sefa 100,000 su fito. Mutum uku su tashi da sauri. Ba koyaushe ba, amma sau da yawa waɗannan na farkon 'yan gida ne, an shirya da su, kuɗin zai koma inda ya fito. Aikinsu kawai su karya ƙofa. Daga nan a sauko 50,000, 20,000, 10,000, har 2,000, yadda duk wanda ya rage a zaune zai ji kamar shi kaɗai ne marar bangaskiya. Ga maƙwabciya ta tashi, ga idon jama'a. Sai baiwar Allah ta ɗaga hannu ta yi alkawarin abin da ba ta da shi, gobe ta sayar da keken ɗinki, jibi a kori yaronta daga makaranta saboda kuɗin da ba a biya ba. Haka man girki da ake ɗura wa 'yan ƙananan kwalabe a kira shi man shafewa, da ruwan leda da aka yi wa farashi, da kuɗin ganin annabi a keɓe. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya da tufafi, Elisha ya rantse ba zai karɓi kome ba. Gehazi, baran Elisha, da ya bi Na'aman a guje don ya karɓa, kun san da kuturta ya koma gida. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Na san abin da wata za ta ce: "Amma ya faɗi sunana, ya faɗi ƙauyenmu, har ciwon mijina ya faɗa." Mama, tsaya ki tuna. Ranar farko da kika je, wa ya tare ki a bakin ƙofa da fara'a yana tambayar daga ina? Ba a ba ki takarda kin rubuta roƙon addu'a ba? Wadda ta gayyace ki, me ba ta sani ba game da gidanki? Ga Facebook, inda muke zuba hotunan biki da na makoki da na gadon asibiti. A Amurka, cikin 1986, an tona asirin wani mai wa'azi, Peter Popoff: matarsa tana karanta masa sunaye da cututtuka daga takardun addu'ar da jama'a suka cika, shi kuma yana ji ta wata 'yar na'ura a kunne, yana cewa Allah ne ya nuna masa. Nan ko na'ura ba a bukata, tafinta da masu tsaron ƙofa sun isa. Wani annabcin ma ba ya bukatar kowa. A ɗakin da mata ɗari uku suke, in aka ce akwai wadda ke fama da ciwon mara, ko wadda mijinta ya juya mata baya, ai ba a rasa ashirin.

Maganin wannan biro da takarda ne. Ya ce kafin wata uku za ki sami ciki, ko za a kira ka aiki? Rubuta maganar da kwanan wata. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta faɗi hukuncin maganar da ba ta cika ba. Ka kuma lura da abin da zai ce ranar da wa'adin ya wuce. In ya ce bangaskiyarka ce ta gaza, ko ba ka cika irin da ka yi alkawari ba, to kullum shi ne da riba, kai ne da laifi.

Inda abin ya fi ƙona rai shi ne magani. Ina roƙonku don Allah, duk wanda ya ce ku zubar da maganin asibiti don ku nuna bangaskiya, ku tashi ku bar wurin. Mai shan maganin ƙanjamau da ya daina, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar take sake yawa a jini, kuma in ana sha ana bari tana iya daina jin maganin. Wannan magani kyauta ake ba da shi a Kamaru tun 2007, amma mutum zai bar na kyauta ya je ya sayi ruwan leda. Maganin tarin TB wata shida ne. Bayan wata biyu tari yakan lafa, jiki ya dawo, sai a kira mutum ya ba da shaidar warkewa, ya ajiye ƙwayoyin. Ciwon da zai dawo na iya zama wanda ba ya jin maganin farko. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Mai ciwon sukari da ke kan allura, kwanaki kaɗan na iya kai shi ga suma. Yaron da ke jijjiga da zafin jiki cikin damina, asibiti za a kai shi a daren, ana tafe ana addu'a. Mai farfaɗiya kuma ba dukan fitar da aljani yake bukata ba, akwai ƙwayoyin da ke tsayar da faɗuwar in ana sha kullum. Wanda ya rubuta mana bishara ta uku likita ne, Bulus ma da sana'ar tasa ya ambace shi. Fasto na gari in ya yi maka addu'a, cewa zai yi koma a gwada ka, ka kawo takardar mu gode wa Allah tare.

Akwai kuma raba mutum da danginsa. Zai ce mahaifiyarka ce ta ɗaure maka arziki, gwaggonka mayya ce, maraya ɗan shekara bakwai da kuke riƙo shi ke cin gidan. Dalilinsa a fili yake: waɗannan su ne za su ce maka "kai, tsaya." In ya yanke ka daga gare su, ba ka da sauran mai ja maka riga. Daga nan sai aure da izininsa, tafiya da izininsa, kada a leƙa wata majami'a ko da jana'iza ce. A dajin Shakahola na ƙasar Kenya, daga 2023, an tono gawarwaki fiye da 400, da yawansu yara, mabiyan wani da ya ce su yi azumi har su ga Yesu. Tun kafin azumin an riga an hana su makaranta da asibiti, an kwashe su zuwa daji, nesa da duk mai tambaya.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, wannan taku ce. Babu addu'ar da ke bukatar a kulle ƙofa a kan mace ɗaya da namiji ɗaya. Babu shafewar da ke bukatar a tuɓe zane. Babu cetarwar da sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare. In yarinya ta ce Baba ya kira ta, wata babba ta bi ta, ta zauna a ciki, ba a waje ba. In ya ɓata rai don an rako ta, kun sami amsa.

Da ka buɗe baki za a jefo maka Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffe. Koma ka karanta daga aya 8. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake, suna baƙi 'yan kaɗan, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba a ce kada ma'aji ya nuna littafi ba. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, gaban jama'a. Mutanen Biriya kuwa yabo suka samu don suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake.

Saboda haka ka tambaya, cikin ladabi, hula a hannu. Baba, a ina aka yi karatu? Wa ya naɗa ka? Daga wace ikilisiya ka fito, kuma me ya raba ku? In ka yi kuskure, wa ke da ikon dakatar da kai? Wannan ta ƙarshen ita ce babba. In amsar ita ce "Allah kaɗai," akwai matsala. A Kamaru, dokar 19 ga Disamba 1990 ta ce ƙungiyar addini sai da izinin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu, kuma a 2013 hukuma ta rufe majami'u da dama. Kana iya tambaya a ƙarƙashin izinin wa ake aiki. Sai dai kada takarda ta ruɗe ka. Akwai bayin Allah na gaske a rumfar zana, akwai kuma masu dogon hannu a tsofaffin ikilisiyoyi masu hasumiya da majalisa. Bambancin shi ne inda akwai majalisa, akwai ƙofar da za ka buga.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya mai da shi sandar dukan kowane fasto. Akwai waɗanda ke wata uku ba albashi, suna noma gyaɗa da dawa don su ci, suna tura tsohon babur cikin laka zuwa jana'izar wanda bai taɓa ba su ko goro ba. Ƙasar nan ta ga irin Baba Simon, fadan Katolika da ya baro kudu a 1959 ya zo arewa, ya zauna a Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi, har yau ana kiran sunansa da alheri shekaru bayan rasuwarsa a 1975. Shi ya sa 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Kada ka kai jita-jita WhatsApp. Rubuta abin da ka gani da idonka, rana da adadi, nemi wani da ya gani, ku je wurin dattawa. In dattawan 'yan amshin shata ne, ku haura sama. In babu sama, ku kwashi iyalinku ku fita, ba sai an yi faɗa ba. Amma in an taɓa yarinya, ko an azabtar da yaro da sunan maita, ko an damfari gwauruwa filinta, wannan ya wuce "mu rufa wa ikilisiya asiri." Asibiti tukuna, sannan jandarma.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu kuma, kada ku yi masa dariya. Ciwo ne ya kai shi, ko rashin haihuwa, ko bashi, kuma wataƙila lokacin da yake kuka babu wanda ya leƙa shi a cikinmu. In kun ce masa wawa, can zai koma, don can ne ake kiransa ɗana.

Ran Lahadin nan, bayan an sa albarka, kada ka yi saurin fita. Tsaya ka ga hannun da kwando ya shiga. In kuma ka san wata da ta ajiye maganinta saboda an ce ta warke, don Allah kada ka jira Lahadi, je ka gidanta yau.