Ƙannena Masu Kyamara, Ku Riski Makaɗanmu Tun Suna Raye

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yanmata na Katsina da Daura da Funtua, musamman ku da hannunku ya faɗa a ɗaukar hoto da haɗa shi a waya ko a kwamfuta. Maganata a kan sana'ar fim ɗin dokumentari ce, irin wanda ake bin makaɗi ko mawaƙi ko ɗan wasa a ɗauki rayuwarsa yadda take, ba ƙari ba ragi. Da yawanku kuna sha'awar wannan hanya, kuma wallahi ina murna da haka. Abin da ke ci mini rai shi ne irin abin da ke yawo a Facebook da TikTok da sunan tarihin mawaƙi. A tare dattijo a bakin kasuwa, a cusa masa waya a fuska, a ce "Baba ɗan rera mana", bayan minti biyu a saki, a zauna ana ƙirga masu kallo. Wanda ya ɗauki muryar mutum da fuskarsa amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi ita.

Ku dubi ƙasar da muke zaune a kai. Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi a 1923, ya yi zamansa a Funtua, ya rasu a 1999, kabarinsa yana Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa tun yana raye. Hajiya Barmani Choge, wadda ta fito da kiɗan amada daga cikin gida har duk ƙasar Hausa ta san shi, 'yar Funtua ce, ta rasu a 2013. Ga waƙoƙin Sarkin Taushin Katsina na zamanin Sarki Usman Nagogo. Muryoyinsu suna nan, alhamdulillahi, albarkacin gidajen rediyo da masu kaset. Amma yadda suke zama da yaransu kafin a fita wasa, yadda ake ɗaure kalangu, yadda ake raba abin da aka samu a daren biki, abin da ya sa aka yi wa wane waƙa aka ƙi yi wa wane, mafi yawansa a kan mutane yake. Mutanen nan kuwa su ne 'yan amshi da makaɗa da sanƙirori da direbobi da matan gida, kuma waɗanda suka rage a cikinsu duk sun manyanta. Kowace shekara muna jin rasuwar wani, sai mu yi ta'aziyya a waya mu wuce.

Saboda haka kada ku ce sai kun sami shahararre za ku fara. Shahararren mawaƙin zamani yana da mai ɗaukar hotonsa, kuma ba zai gaya muku abin da bai gaya wa gidan talabijin ba. Ku je wurin mai kukumar da ke unguwarku, da mai gangar noma da ake kira ranar gayya, da makaɗin 'yan dambe, da masu algaita da kakaki da tambura na fada waɗanda ba ma tuna su sai ranar hawan Sallah ko Sallar Gani a Daura. Ku nemi 'yan gambara da 'yan kama idan akwai sauransu a kasuwar ƙauyenku. Waɗannan ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su daga wa suka gada.

Kafin ku ɗaga kyamara, ku yi karatu. Mai zuwa gaban dattijon makaɗi bai bambance taushi da kotso ba, bai san take ba, bai san kirari ba, bai san inda habaici ya ƙare zambo ya fara ba, tambayarsa ta farko za ta tona shi, dattijon kuma zai ba shi amsar da ake ba yara ya sallame shi. Ku saurari waƙoƙin mutumin har ku haddace sunayen da ke ciki. A nan ne arzikin aikin yake, kuma a nan ne na fi son ku daɗe. Waƙar Bahaushe cike take da sunaye: sarki, hakimi, attajiri, direba, mahauci, magajiya, gari, kasuwa, har da ranar da take ci. Kowane suna ƙofa ce. Wanda aka yi wa waƙar wataƙila ya rasu, amma ɗansa na nan, kuma ya san ranar da aka zo ƙofar gidansu da kiɗa, ya san ko doki aka bayar ko riga ko kujerar Makka. Idan kuka haɗa bakin ɗan amshi da bakin iyalan wanda aka waƙe, sai waƙar da muka ji sau ɗari ta zama sabuwa a kunnenmu. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Bayero da ta Zariya suna da kundayen bincike a kan makaɗan baka, ɗalibai sun rubuta su suna ajiye a kan kanta. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ga gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ga Arewa House a Kaduna, ga tsofaffin ma'aikatan rediyon jiha da na Rediyon Tarayya Kaduna waɗanda suka yi hira da waɗannan mutane da bakinsu. Ku je ku gaishe su, ku zauna ku ji.

Sannan shiga gidan mutum yana da ladabi. Ba a zuwa ranar farko da kaya niƙi-niƙi. Ku sami wanda ya san shi ya yi muku iso, ku je da goronku, ku durƙusa ku gaisa, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo ku. In makaɗin fada ne, ta fada ake bi, ba a tsallake ubangidansa. Ku bar shi ya saba da fuskarku. Idan aka fara hira kuma ya yi shiru, kada ku cike shirun da surutunku, tunani yake yi, abin da zai biyo baya sau da yawa shi ne mafi tsada a duk ranar.

Ku 'yanmata, akwai ɓangaren da ba mai iya yin sa sai ku. Kiɗan ƙwarya na amada, waƙoƙin daka da niƙa da reno, guɗa, waƙoƙin gaɗa, zabiyoyin da ke wasa a cikin gida ranar kamu ko wuni, namiji ba ya shiga can. Idan ba ku ɗauka ba, rabin waƙar Hausa ya tafi ba shaida. Ku nemi izinin iyayenku ko mazajenku, ku nemi na matan da za ku ɗauka, wadda ta ce muryarta kaɗai ta yarda a ɗauka ban da fuska, ku tsaya a kan muryar.

Batun kayan aiki ba zan tsawaita ba, sai abu ɗaya: sauti. Fim ɗin mawaƙi kunne ke fara kallonsa. Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan duhu, ba za su haƙura da muryar da ba ta fita ba. Kalangu da ganga suna danne ƙaramin makirfon waya, murya ta nutse a ƙarƙashinsu. Kuɗinku na farko ku sa shi a makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga da 'yar na'urar naɗar sauti daban, kafin ku yi mafarkin babbar kyamara. Ku sa abin ji a kunne duk lokacin ɗauka, don ku ji janareton maƙwabta da ƙarar babur da iskar hunturu tun kafin su ɓata muku aiki. Hasken safe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, balle ga mai farar riga. Duk abin da kuka ɗauka ku ajiye shi wuri biyu a daren nan, ku rubuta suna da gari da kwanan wata, da sunan kowane ɗan amshi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tsohon kuma ba lallai ku sake samun sa ba.

Yanzu ga inda amanar ta fi nauyi. Akwai ramuka biyu, kuma matasanmu suna faɗawa duka biyun. Na farko shi ne mai kyamara ya koma maroƙi. Wani ɗan siyasa ko attajiri ya ba da kuɗi, sai fim ɗin ya zama yabo daga farko har ƙarshe, mawaƙin bai taɓa kuskure ba, bai taɓa faɗa da kowa ba, ubangidan da ya biya kuma shi ne gwarzon labarin. Karɓar tallafi ba laifi ba ne, aikin yana cin kuɗi. Amma ku faɗa wa mai bayarwa tun farko cewa ba waƙa za ku yi masa ba, ku kuma rubuta sunansa a fili a ƙarshen fim ɗin don mai kallo ya sani. Rami na biyu ya fi muni, shi ne tonon asiri don a sami masu kallo. A samu dattijo cikin rashin lafiya da talauci, a haska ɗakinsa da tsummansa, a sa kanun labari mai tayar da hankali, a ci kuɗi da hawayensa. Ko a tsokano tsohuwar gaba tsakaninsa da wani, a yanke maganarsa a tsakiya don ta yi zafi. Ku ji tsoron Allah. Wannan mutum yana da 'ya'ya da jikoki da surukai a garin da za a kalli abin. Gaskiya za a faɗa, har da mai ɗaci idan ta shafi sana'arsa da tarihinta, amma da bakinsa da saninsa, kuma wanda aka ambata da laifi a ji nasa ɓangaren.

Za ku haɗu da wanda ya ajiye kiɗa ya ce ya tuba, ba ya son a tayar da zancen. Za ku haɗu da 'ya'yan makaɗi da suka yi karatu suka zama ma'aikata, ba sa son a tuna musu gidan roƙo. Ni ina ganin kiɗan iyayensu abin alfahari ne, kuma kuna iya gaya musu haka cikin ladabi. In sun ce a'a, ku yi godiya ku tashi.

Izini kuma a rubuce, ko a naɗe shi a kyamara da Hausa bayyananniya: ga abin da za a yi da hoton, ga inda za a nuna shi, ga rabonka idan kuɗi ya shigo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka waƙar marigayi ba kayan tsintuwa ba ce, tana da magada, naɗin da ke kan kaset ko faifai kuma yana iya zama da nasa mai shi daban. Wanda ya yi sakaci da wannan zai wayi gari an sauke masa fim daga YouTube ko an karkatar da kuɗin zuwa wani, ban da haƙƙin marayu da ya rataya a wuyansa.

Na san tambayar da ke ranku: ana cin abinci da wannan sana'a kuwa? Ana ci, amma ba da wuri ba, kuma duk wanda ya ce muku fim ɗaya zai sa ku sayi mota yaudarar ku yake yi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kafin nan, ɗaukar biki da naɗin sarauta da walima da tallan 'yan kasuwa shi zai riƙe ku, kuma ba abin raini ba ne, a nan hannu ke gogewa. Daga baya ƙofofi suna buɗewa: gidajen talabijin irin su Arewa24 da NTA da na jiha, jami'o'i masu bincike, ƙungiyoyin raya al'adu, da iyalan da ke son a adana tarihin mahaifinsu. Mai hali ya tafi Jos, can ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA suke. Marar hali ya kama ƙafar wanda ya iya, ya ɗaukar masa jaka shekara guda. Kuma kada kowa ya dage sai ya zama darakta. Mai naɗar sauti, mai tace hoto, mai bincike, mai fassara waƙa a rubuta ta a ƙasan hoto don wanda ba ya jin Hausa, duk sana'o'i ne masu zaman kansu, kuma masu iya su a wajenmu ba su da yawa. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu, ku yi magana a kan rabon kuɗi tun babu kuɗin.

Hanyoyin wasu ƙauyukanmu ba lafiya, kun sani. Kada ɗoki ya kai ku inda mutanen wurin suka ce kada a zo. Da yawa daga makaɗan waɗancan yankuna sun yi hijira zuwa cikin Katsina da sauran manyan garuruwa, ku tambaya a tasha da kasuwa za a nuna muku inda suka sauka.

Idan kun gama haɗawa, kafin duniya ta gani, ku koma gidan mutumin da kwamfutarku, a shimfiɗa tabarma, shi da iyalinsa su fara kallo. Zai gyara muku sunan garin da kuka rubuta ba daidai ba, zai ce wancan ba ƙanensa ba ne ɗan wansa ne, wataƙila ya tuno wata waƙa da bai faɗa ba, don haka ku tafi da makirfonku. Ku bar masa kwafi a hannunsa, ku kai wani kwafin tare da cikakkiyar hirar da ba a yanke ba zuwa ɗakin karatu na jami'a ko hukumar tarihi, ku karɓi takardar shaidar ajiya.