Turba ba layin dogo ba ce, amma a tambayi ina ruwa zai bi

A Amurka an daɗe ana ja-in-ja kan dokar NEPA, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1970, dokar da ta ce duk babban aikin da gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki sai an duba illarsa ga muhalli tukuna. Masu son buɗe hanyoyin ƙafa da na keke a daji suna kukan cewa takarda kawai na cin shekaru kafin a sa diga a ƙasa. A 2023 majalisarsu ta yanka wa'adi, babban nazari shekara 2, ƙarami shekara 1.

Ni dai ina bayan sassaucin, kuma mu ma nan Katsina ya kamata mu yi tunaninsa tunda a Najeriya muna da tamu dokar ta EIA, wato ta nazarin illar aiki ga muhalli, tun 1992. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina da Jibia, wannan kam a yi masa cikakken nazari, ba musu. Amma a ce ƙaramar hukuma za ta gyara turbar da mutane da jakuna ke bi tun kaka da kakanni, ko a sake shata burtalin da gonaki suka cinye, sai an ɗauko ƙwararru daga Abuja sun rubuto littafi guda da ba mai karantawa, kuɗin rahoton ma ya nemi fin kuɗin aikin, haba, ai wannan ɓata lokaci ne, kuma kafin a gama shanu sun shiga gona an yi faɗa.

Sharaɗina ɗaya, maganar ruwa. Ƙasarmu rairayi ce, sabuwar hanya ko ta ƙafa ce in ta miƙe gangare ba magudana, ruwan sama zai maida ita hanyarsa, damina kaɗan ta zama kwazazzabo ta fara cin gonar mutane. Wanda ya tuna ambaliyar Jibia ta Yulin 2018, da ta kashe mutum sama da 40, ya san ruwa ba ya ɗaukar wasa a nan.

To a rage takarda, amma injiniya ya taka wurin da ƙafarsa tare da mai unguwa da arɗo da manoman da ke gefen hanyar, su nuna masa inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, a rubuta a shafi biyu kowa ya sa hannu. Ƙarin hanyar da zai tsallaka fadama ko ya kutsa dajin Rugu kuwa, wannan ya koma layin cikakken nazari.