Ƙafar Bitrus a Hannun Yesu

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

A birnin Padua na ƙasar Italiya akwai wata ƙaramar majami'a da attajiri Enrico Scrovegni ya gina, aka keɓe ta a shekarar 1305. Giotto ne ya zana bangonta daga sama har ƙasa, yana sa launi a kan shafe tun yana ɗanye don ya kama. A jerin ƙasa, tsakanin zanen jibin ƙarshe da zanen sumbar Yahuza, ya sa labarin da ke cikin Yohanna 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa.

Yesu yana durƙushe a ƙasa, ga kwanon ruwa a gabansa, ya riƙe ƙafar Bitrus. Wani manzo yana fama da igiyar takalminsa, wani saurayi yana tsaye da tulu. Bitrus kuwa, dattijo mai furfura, ya tattare rigarsa, ya kai hannu kansa. Wannan hannun da ke ka shi ne ya fi taɓa zuciyata.

Ku tuna, da farko ƙi ya yi. Ya ce har abada Ubangiji ba zai wanke masa ƙafa ba. Mai ji zai ce ladabi ne, wa zai miƙa wa ubangidansa ƙafa mai ƙura? Amma Yesu bai yaba masa ba, ya gaya masa ƙarara cewa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Nan take Bitrus ya sauko, ya roƙa a haɗa har da hannuwansa da kansa. Lokacin saukowar nan Giotto ya kama.

Mu ma muna da irin wannan ƙin, mun raɗa masa suna kunya. Magidanci yana cikin bashi har wuya, dattawan ikkilisiya sun tambaye shi, ya ce lafiya lau. Uwa a zumuntar mata ita ce kan gaba wajen kai wa marasa lafiya abinci, amma ranar da aurenta ya fara girgiza ba wanda zai ji, sai bayan ta tattara kayanta. Mun iya hidima, gama mai hidima ana ganinsa ana sa masa albarka. Zama a yi maka ita, a ga inda ka ƙazantu, shi ne ke mana nauyi. Ɗan'uwana, wannan ba kunya ba ce, girman kai ne ya ari rigarta. Kuma ciwon da aka ɓoye wa mai magani ba ya warkewa.

Yahuza ma yana cikin ɗakin a daren nan, bai fita ba sai bayan wankin. Shi bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya miƙa ƙafa aka wanke, alhali ya riga ya gama ciniki da manyan firistoci a kan azurfa 30. Bitrus ya faɗi abin da ke ransa, aka tsawata masa, aka gyara shi. Yahuza ya yi shiru da nasa.

Saboda haka in akwai abin da ka daɗe kana rufewa, bashi ne, ko shaye-shaye, ko gaba da ɗan'uwanka, je ka sami fastonka ko wani dattijo mai riƙe amana kafin Lahadi mai zuwa, ka faɗa masa da bakinka, ku durƙusa tare ku yi addu'a.